Laccar da Aka Yi wa Talakawa da 'Yan Kasuwa a Tafoki

Jama'a 'yan'uwana talakawa, mutanen Tafoki, da ku da kuka taso daga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

A 1929 ciniki ya karye a Amurka, masifar ta game duniya, har auduga da gyaɗa suka faɗi warwas a ƙasarmu. A 1933 mutum biyu suka hau mulki cikin wannan yunwa. Hitila na Jamus ya ce wa jama'arsa jam'iyyu ne suka cuce su, ya soke su duka sai tasa, daga baya ya jefa duniya cikin yaƙi a 1939. Shi kuwa Rusbelt na Amurka ya tarar da kusan ɗaya cikin ma'aikata huɗu ba shi da aiki. Ranar 12 ga Maris ya shiga rediyo ya bayyana wa talaka yadda banki ke juya kuɗinsa, ya buɗe ayyuka, ya bar majalisa da zaɓe a tsaye.

To, mu fa? Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin fetur da baki ɗaya, ba shawara. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Wanda ke kai masara kasuwar Sheme ko Dandume shi ya san yadda kuɗin mota ya cinye riba, ga ɓarayin daji sun hana noma. Da yunwa ta fito da jama'a a Agusta 2024, aka kama har da yara, waɗansu suka faɗi a gaban alƙali a Abuja. Ina tausayi a nan?

Amma ku ji da kyau. Waɗansu saboda zafin rai suna cewa gara soja. Kul! Shugaban da ƙuri'a ta ɗora, ƙuri'a ke sauke shi. Wanda bindiga ta ɗora, wa zai tanka masa? Ku tuna a 1979, muna cikin Jihar Kaduna, ƙuri'ar talaka ce ta kawo Balarabe Musa, ya soke haraji da jangali.

Saboda haka kowa ya adana katinsa. Kada a sayar da shekara huɗu a kan taliya da sabulu. Allah ya ba mu shugaba mai jin ƙai. Sawaba!