Ciwon Yoyon Fitsari da Gardamar Shekarun Aure

Jama'a, batun da za a yi bayani a kansa yau batu ne wanda akan sassauta murya idan an zo faɗinsa, watau ciwon yoyon fitsari da ke samun mata wajen haihuwa, da kuma gardamar da ta daɗe tana tafiya a ƙasar nan game da lokacin da ya kamata a aurar da yarinya. Kunya abu ce mai kyau, amma ciwon nan ya daɗe yana fakewa a bayanta, saboda haka za a faɗi magana a fili.

Da farko ya kamata a san yadda ciwon yake samuwa, domin mutane da yawa har yanzu suna danganta shi da sammu ko iska. Idan naƙuda ta zo, kan jariri yakan bi ta tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya fito. In hanyar ta yi masa kaɗan, ko kuwa ya kwanta ba daidai ba, sai ya tsaya cik, mahaifa tana turo shi, ƙashi yana tare shi. A nan ne kan nasa yake danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin. In aka kwana biyu ko uku a haka, naman wurin ya mutu ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai ya ruɓe ya zube, ya bar kafa tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tare da mace ta iya riƙe shi ba. Wani lokaci kafar takan kai ga hanyar bayan gida. Galibi kuma jaririn ba ya zuwa da rai, waɗansu matan har ƙafa takan shanye musu saboda jijiyar da aka danne.

Akwai kuma yankan gishiri, wanda wanzami ko tsohuwa kan yi da aska da nufin buɗe hanya. Askar ba ta ganin inda take shiga, sau da yawa takan huda mafitsara. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta haramta kaciyar mata da al'adu masu cutarwa irin wannan.

Abin da ke biyo baya ya fi ciwon kansa ɗaci. Yarinya ta rasa ɗa, ga wari yana bin ta, miji ya mai da ita gidan iyaye wai sai ta warke, daga nan sai takardar saki. Ba ta shiga biki, ba a sayen abincin da ta dafa, ita kanta tana shakkar sallarta. Takan rage shan ruwa don fitsarin ya ragu, alhali hakan ƙara masa wari da zafi yake yi.

To, ina ruwan wannan da shekarun aure? Jikin yarinya ba ya gama girma ranar da ta fara ganin al'ada. Ƙashin ƙugu yakan ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka, balle ga wadda ta tashi cikin ƙarancin abinci. Mai shekara goma sha uku tana iya ɗaukar ciki, amma ɗaukar ciki dabam, iya sauke shi lafiya dabam. Ga kuma al'adar nan ta cewa haihuwar fari ba a yin kuka, sai yarinya ta shige ɗaki ta cije, ta yini ta kwana ba wanda ya sani.

Iyayen da ke gaggauta aure suna da hujjarsu, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su jahilai ko marasa tausayi. Uba yana tsoron abin kunya, yana ganin 'yarsa tana yawon talla har dare, makarantar garin kuwa ba malamai, ba ya ganin amfanin zamanta. A wurinsa aure rufin asiri ne. Wanda zai ce masa ya jinkirta, lalle ne ya nuna masa inda yarinyar za ta zauna cikin mutunci a shekarun jiran. Su kuma masu neman a jinkirta suna nuni da gadajen asibiti, suna cewa asirin da aka so rufawa shi ne ya tonu ta wata hanya mafi muni. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun bambanta ɗaurin aure da tarewa, sun ce ba a miƙa yarinya ga miji sai jikinta zai iya ɗauka, kuma sun tafi a kan cewa cuta abar gusarwa ce. Wannan magana ta cancanci a riƙa jin ta a wuraren ɗaurin aure fiye da yadda ake ji.

Ta fuskar doka, Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar 'Yancin Yara a 2003, wadda ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Amma dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta, jihohi kuwa sun yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, waɗansu da gyare-gyare a kan wannan batu. A 2013 gardama ta ɓarke a Majalisar Dattawa a kan sashe na 29 na Tsarin Mulkin 1999, inda aka ce matar da ke da aure ana ɗaukarta ta kai munzali. Asalin sashen yana magana ne a kan barin zama ɗan ƙasa, amma jama'a suka ɗauke shi hukunci a kan auren yara, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu, aka bar sashen yadda yake.

Sai dai gaskiya ta wajaba: jinkirta aure kaɗai ba zai kawar da ciwon ba. Yana samun matar da ta haifi shida, in na bakwai ya zo a gicciye. Yana nan a Arewa, yana nan a Ebonyi da Akwa Ibom. Turai da Amurka sun yi fama da shi, suka rabu da shi sa'ad da aikin fiɗa don ciro jariri ya wadata. Abin da ke halakarwa shi ne jinkiri: jiran maigida ya dawo ya ba da izini, jiran mota, jiran likita. Saboda haka ma'aikatan lafiya suke cewa naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu ba ta gida ba ce. Maigida mai hankali yakan bar izini da kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai.

Ciwon yana warkewa. Likitoci biyu, Reginald da Catherine Hamlin, sun buɗe asibiti na musamman dominsa a Adis Ababa a 1974. A nan Nijeriya, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta a Babbar Ruga ta Katsina, ya juya ga ɗinkin yoyon fitsari tun cikin shekarun 1980, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci 'yan ƙasa. Yanzu Gwamnatin Tarayya tana da cibiyoyi a Katsina da Abakaliki da Ningi, ga kuma sashen Laure a Asibitin Murtala na Kano. Tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Mayu don tunawa da masu wannan ciwo.

Wadda ta ga fitsari yana zubo mata bayan haihuwa, kada a tsaya jiran arba'in ko wankan jego. In an kai ta da wuri, akan sa mata robar fitsari na 'yan makonni, ƙaramar kafa takan rufe da kanta ba tare da wuƙa ba. Wadda aka yi wa ɗinki kuma za a umurce ta da yawan shan ruwa, ta ƙaurace wa shimfiɗar miji har watannin da likita ya yanka mata su cika, cikin da za ta samu nan gaba kuwa a je awo tun farko, a haife shi a asibitin da ke iya yin fiɗa.