Keke Mai Naɗewa da Injin Lantarki Mai Ciruwa: Matsayinsu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata ƙaramar dabara ta zamani, watau ɗora wa keke mai naɗewa injin lantarki wanda ake iya cirewa a kuma mayar, sa'an nan a auna ko tana da wani amfani ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina. Za a fara da matsayin keke a wurin Bahaushe, a biyo da abin da ya sami babur a wannan yanki, a bayyana yadda injin ke aiki, kana a nuna cewa duk hikimar abin tana cikin kalma ɗaya, watau cirewa.

2. Keke a Bakin Bahaushe

Duk abin da ya shigo hannun Bahaushe sai ya bi ta bakinsa, kuma sunan da ya ba abu yakan nuna yadda ya ɗauke shi. Da farko an kira wannan abin hawa basukur, kalmar da aka aro daga Ingilishi. Daga baya kalmar keke, wadda ta zo daga Yarabanci, ta rinjaya, har ta haifi keken ɗinki da keken rubutu. Amma kirarinsa dokin ƙarfe, mazauninsa kuwa sirdi. Wannan ya nuna cewa a matsayin doki aka karɓe shi, dokin da ba ya cin dawa, ba ya bukatar ɗan ciyawa. Sauran sassansa, irin su birki da feda da kariya da bawul da dinamo, duk sun zama Hausa, har yaron ƙauye ma ya san su.

A da, mallakar Raleigh alamar rufin asiri ce, har aka yi masana'antar haɗa shi a Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa saboda arha. Lokacin da aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, aka yi hanyoyin karkara a wannan yanki na auduga da masara da dawa, keke ne ya fi kowane abin hawa morar su. Da shi malamin gona ke zaga ƙauyuka, da shi manomi ke ɗauko taki. Sai bayan shekarar 2000, da babura masu sauƙin kuɗi suka kwararo daga Sin da Indiya, aka jingine keke a zaure, aka bar wa yara da tsofaffi.

3. Abin da Ya Sami Babur

Abu biyu suka taru suka rage wa babur daraja a wannan yanki. Na farko shi ne rashin tsaro. Faskari na iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa na iyaka da dazuzzukan Birnin Gwari, Ƙanƙara kuma na kusa da dajin Rugu, kuma babur ya zama abin hawan 'yan bindiga da abin da suka fi kwaɗayin ƙwacewa. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. An yi dokar domin ɓarayi, amma raɗaɗinta ya taɓa malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da mai tallar kaya, waɗanda babur ne ƙafarsu.

Na biyu shi ne tsadar mai. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta kai naira 1,000 a wurare da yawa. Alal misali, a ɗauki malamin firamare wanda ke zaune a garin Ƙanƙara, makarantarsa na ƙauye mai nisan kilomita 15. Zuwa da dawowa kilomita 30 ke nan, a kwana 20 na aiki kuwa kilomita 600. In babur ɗinsa na yin kilomita 40 da lita guda, zai sha lita 15 a wata, watau naira 15,000 a farashin ƙarshen 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a hayaƙi tun ba a sayi mudun masara ba. In kuwa ya koma keke, tuƙin kilomita 15 a zafin bazara ya isa ya cinye ƙarfin da zai koyar da yara. A wannan tsaka mai wuya ne maganar injin lantarki ta samu wuri.

4. Asalin Dabarar da Yadda Take Aiki

Keke mai naɗewa da keke mai lantarki duk tsofaffin dabaru ne. Sojan Faransa sun gwada keke mai naɗewa tun kafin 1900, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin BSA ya ƙera wa sojan laima na Ingila irinsa. Na zamani sun fito ne daga Andrew Ritchie, wanda ya zana Brompton a London a 1975, da David Hon, wanda ya kafa Dahon a Amurka a 1982. Ta fannin lantarki, tun 1895 Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar wili a Amurka, amma nauyin batir ya hana abin yaɗuwa. Sai da Sony ya fito da batirin litiyam a 1991, Yamaha kuma ya fito a 1993 da keken da injinsa ke tashi in mahayi ya taka feda, sannan hanya ta buɗe.

Kayan guda huɗu ne: inji, da batir, da ɗan akwatin da ke daidaita wuta tsakaninsu, da na'urar da ke jin motsin feda. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yakan ba da kamar wat 75 zuwa 100 in yana tuƙi mai tsawo. Injin da aka saba ɗorawa wat 250 ne, watau kamar an ƙara masa majiya ƙarfi biyu suna taya shi. A dokar Tarayyar Turai, in injin bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina turawa in gudu ya kai kilomita 25 a awa, to abin keke ne, ba a lissafa shi cikin babura.

Injin iri uku ne. Na farko shi ne mai gugar taya. Duk wanda ya san dinamo ya san shi, sai dai aikinsu a juye yake: dinamo taya ke juya shi ya ba da wuta, wannan kuwa wuta ke juya shi ya tura taya. Haka Solex na Faransa, wanda ya fito a 1946, yake aiki, illa dai shi da fetur. Wannan ya fi saurin cirewa, amma yana cin taya, kuma yana santsi in akwai ruwa ko laka. Na biyu shi ne wanda ke cikin cibiyar wili. Ana sauya wilin gaba da mai inji, a rataya batir a kan keke ko a kariya. A rufe yake, saboda haka ƙurar hunturu ba ta cika damunsa ba, kuma kwance noti biyu ya isa a mayar da tsohon wili. Na uku shi ne wanda ake ɗaurawa a gindin feda yana jan sarƙa. Ya fi ƙarfin hawan tudu, amma cire shi sai mai gyara. Ga hanyoyin Faskari da Sabuwa, inda damina ke mayar da turba taɓo, na biyu ya fi dacewa.

Batir kuwa kamar mudu yake, yana da abin da yake ci. Mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana riƙe wat-awa 360. In mahayi na taka feda, keke kan ci kamar wat-awa 10 a kowace kilomita, watau caji ɗaya ya kai shi kusan kilomita 36. Faifan sola mai wat 100 a ranar ƙasar Katsina yana iya cika wannan batir a yini guda. Tafiyar malamin nan ta kilomita 30 ta shiga cikin wannan lissafi.

5. Hikimar Cirewa

Ciruwar kayan tana amsa matsala huɗu. Ta farko ita ce caji. Wutar lantarki ba ta tsayawa a ƙauyuka, wasu ma ba ta kai gare su ba, amma kusan kowane gari yana da mai shagon cajin waya da janareta ko sola. Batirin da ke ciruwa ana saka shi a jaka a kai shago, ko a jona shi a ofis.

Ta biyu ita ce sata. Batir ne mafi tsada a cikin kayan. In an cire shi an shiga da shi aji ko masallaci, abin da ya rage a waje keke ne kawai. In keken mai naɗewa ne, shi ma sai a naɗe shi a ajiye a bayan ƙofa.

Ta uku ita ce lalacewa. Babur in mai ya ƙare ya zama kaya, sai turawa. Keke kuwa in batir ya mutu a hanyar Yankara, mahayi ya taka feda ya isa gida, in inji ya lalace a mayar da tsohon wili har a sami gyara. Duk abin da ya rage, mai faci na bakin kasuwa ya san shi. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Ta huɗu ita ce haɗa tafiya. Ma'aikacin da iyalinsa ke Funtuwa ko Malumfashi, aikinsa kuma na ƙauyen Sabuwa, yana iya naɗe kekensa mai nauyin kilo 12 zuwa 14, ya sa a bayan motar haya, ya sauka a bakin titi, ya buɗe, ya maƙala batir, ya ƙarasa ba tare da jiran ɗan acaɓa ba.

6. Iyakar Abin

Amma fa kada a ɗauka an sami maganin kowace cuta. Wilin keke mai naɗewa inci 16 ne ko 20, na Raleigh kuwa 28. Ƙaramin wili yana nutsewa a yashi, yana kuma faɗawa rami da ƙarfi. Nauyin da aka yarda irin wannan keke ya ɗauka, har da mahayi, bai cika wuce kilo 110 ba, buhun masara kaɗai kuwa kilo 100 ne. Saboda haka keke mai naɗewa na ma'aikaci ne da ɗalibi. Manomin da zai kai kaya kasuwar Sheme ko Dandume, gara a ɗora masa injin a kan babban kekensa.

Har ila yau, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba ya fi matsewa a kekuna masu naɗewa da yawa, milimita 74 maimakon 100 da aka saba. Wanda ya sami irin keken a cikin na gwanjo, lalle ya auna kafin ya sayi inji, kada a buɗa ƙarfen da ƙarfi ya karye a kan hanya. Batirin litiyam kuma ba ya son zafi. Ba a cajinsa a cikin rana ko a ɗakin kwano da tsakar bazara, ba a kuma jona shi da cajar da ba tasa ba, domin maras inganci yakan kama wuta. Bayan caji kamar 500 ƙarfinsa yakan ragu, watau ƙasa da shekara biyu ga mai caji kullum. Kuɗin kayan ma da dala ake auna shi, ya kai albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci. Sa'an nan gudun kilomita 25 a awa ba ya tsere wa mai mugun nufi. Keke na rage tsadar tafiya, amma zaman lafiya aikin hukuma ne da jama'a.

7. Kammalawa

Akwai abin koyi a kusa. A 2021 aka buɗe tashar cajin motoci da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan motocin bas masu fetur zuwa masu lantarki. In an iya wannan ga mota, keke ya fi sauƙi. Abin da ya rage abu huɗu ne. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da na Jami'ar Ahmadu Bello su gwada waɗannan injuna a kan hanyoyin yankin, rani da damina, su rubuta abin da suka gani. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ma'aikata su duba yiwuwar ba da rancen kayan a riƙa cirewa daga albashi, kamar yadda aka saba ba da rancen abin hawa. Masu tsara doka su bambanta keke mai taimakon lantarki da babur a rubuce, domin in an sake taƙaita babura kada jami'in shinge ya haɗa su. Masana Hausa kuma su rubuta littafin koyon gyaransa da harshen da mai faci ke ji, domin injin da mai gyaran ƙauye bai san sunayen sassansa ba, ranar da ya tsaya, ranar ya zama tarkace.

Allah ya zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lafiya, ya sa wannan bayani ya amfani jama'a.