Zama A Faɗake Ga Allah A Tsallaken Kogin Kaduna

Littafin Farawa, sura ta 28, ya ba da labarin Yakubu sa'ad da ya gudu daga gaban ɗan'uwansa Isuwa, dare ya riske shi a jeji, ya yi matashin kai da dutse. Sai da ya farka ne ya gane Ubangiji yana wurin tun fil azal, shi ne bai sani ba. Matsalar Kirista ke nan a kowane zamani, wato Allah na nan kusa, amma bawansa na barci da ido biyu.

Unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, neman abinci ne ya raya su. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙu suka biyo baya, sa'an nan kamfanin harhaɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban mutane suka kwararo daga kudancin Zariya, da Filato, da Binuwai, kowa da ikilisiyarsa, ECWA ce ko Katolika ko Baftis ko HEKAN. A wancan lokaci jiniyar masaƙa ce ke raba wa mutum yininsa. Ma'aikacin da ya kwana a gaban injin saƙa ba shi da sa'a guda ta kaɗaita, saboda haka in bai koyi yin addu'a cikin ƙarar inji ba, to, sai ranar Lahadi zai tuna da Mahaliccinsa. Masaƙar ta rufe a 2002, jiniya ta yi shiru, amma tambayar tana nan, ta koma kan ɗan acaɓa da mai sayar da doya da ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa.

Wani bawan Allah na ƙasar Faransa, Nikolas Harman, wanda aka fi sani da Ɗan'uwa Lorens, ya taɓa fuskantar wannan tambaya. Tsohon soja ne, gurgu, ya shiga gidan masu zuhudu a Faris, aka sa shi aikin madafa, alhali kuwa ransa ba ya son girki. Ya rasu a 1691, daga baya aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa. Abin da ya koyar ba shi da wuyar faɗi: mutum ya saba wa zuciyarsa juyawa ga Allah da gajeriyar magana a tsakiyar aiki, in hankali ya tafi yawo ya komo da shi ba tare da tsangwamar kai ba. Wuyar abin tana wajen yi, shi da kansa ya shafe shekaru kafin ya saba.

Sai dai akwai wani irin zama a faɗake da mutanen wannan yanki suka ƙware a kansa, wanda bai kamata a ɗauke shi a madadin na farko ba. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da na Nuwamba 2002, sun raba garin biyu, Kiristoci da yawa suka ƙaura zuwa kudu, Musulmi suka koma arewa. Tun daga nan kunne ya saba da sauraren jita-jita, ido ya saba da auna baƙo daga sutura da suna. Babu mai zargin wanda ya binne ɗansa don ya yi hattara. Amma tsoro yana buɗe ido ga haɗari kaɗai, ya rufe shi ga sauran kome. Almajirai biyun nan da ke kan hanyar Imuwasu, a Luka sura ta 24, baƙin ciki ne ya cika su har suka yi doguwar tafiya da Almasihu suna tsammani baƙo ne.

Ma'aikacin gwamnati da ke haye gada kowace safiya ya fi kowa samun wannan gwaji. Fayil ɗin fanshon da ke kan teburinsa yana iya zama na gwauruwa daga Narayi, yana kuma iya zama na tsohon masinja daga Tudun Wada. In ya gaggauta na farko don sunan ya yi masa daɗi, ya danne na biyu, to, sujadar asuba da ya yi da iyalinsa ba ta haye kogi tare da shi ba.

Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a faɗan 1992, lokacin yana jagorantar matasan Kirista. A faɗan nan ne kuma aka kashe malamin Imam Muhammad Ashafa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, kowa na zargin ɗan'uwansa, Wuye kuwa bai ɓoye ba cewa ya daɗe yana aiki da Ashafa alhali zuciyarsa ba ta saki ba. Su biyun suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta, 2002. Wata uku bayan haka garin ya sāke kamawa da wuta, amma ba su rabu ba, suka ci gaba da aikinsu tare.