Yaron da ke bayan ƙofa



A unguwanninmu akwai gidajen da ake ɓoye yaro a ɗaki idan baƙi sun yi sallama, don kawai yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, yana da jinkirin fahimta da magana. Wasu su ce aljanu ne suka musanya shi. A'a. Doguwar naƙuda na jawo wannan lalura, haka shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, da sanƙarau, da ƙarancin sinadarin ayodin a jikin mai ciki. Kuma ba hauka ba ce.

Irin wannan yaro yana koyo, sai dai a hankali. Zai iya koyon wanka da alwala, da ƙirga kuɗi, har da kiwo ko saƙa, idan ya samu mai haƙuri da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake barin uwa da ɗawainiyar ita kaɗai, ga gorin dangin miji, ba mai karɓarta ko na wuni guda ta huta.

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa a Najeriya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi. Amma doka ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarki ba, Hajiya. Malaman Islamiyya, ku ba irin wannan yaro wuri a aji. Masu sana'a, ku ɗauke shi koyo. Iyaye kuma, ku tsawata wa yaran da ke bin sa da jifa.