Kare ma yana da rabo cikin ruwan tahiya



Yau hirarmu bisa kare ce, wannan da ke kwana bakin garke yana korar dila da ɓarawo. In za a tashi, ana lissahin ruwan mutane, da na jakai, da na ƴan maruƙa, shi ko kare sai a ce shi nema ma kanshi. To a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zahin rana a Tawa, Maradi da Damagaram yana wuce digiri 40, yawancin tabkuna sun ƙahe. Ina za shi nema?

Ku san wannan tukuna: kare ba ya gumi kamar mutum ko doki, sai ɗan kaɗan a tahin ƙahwa. Da haki yake sanyaya jikinshi. In ya hiddo harshe, damshin baki da na maƙogwaro yana bin iska, yana tahiya da zahin. Ke nan duk hakin da ya yi, ruwan jikinshi ne ke raguwa.

Kare mai nauyin kilo 20, kamar karnukan Azawak, in yana kwance a inuwa yana buƙatar wajen litir 1 a wuni. Ranar tahiya ko hwarauta ku ware mishi litir 2 zuwa 3. Karya mai shayarwa ta hi haka.

Ga abin da muke roƙonku:

1. Ku yi mishi nashi mazubi. Kasko, ko sakaina, ko gindin bido da anka yanke, a rataye ma jaki. Mun san ba a son bakin kare cikin guga ko ƙwaryar mutane, shi ya sa ake korar shi bakin rijiya. Ba a ce a bar shi shi shiga kwamin bisashe ba: kashin kare yana ɗauke da ƙwan tsutsa, in tumaki sunka haɗiye shi sai shi zame musu ƙunshin ruwa a hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Ku ja shi gehe, ku zuba mishi nashi.

2. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Duk inda kunka tsaya kurɓar ruwa, shi ma ku ɗiba mishi. In ya dawo daga gudu, ku bari hakin shi lahwa, sannan ku ba shi. In ya kwankwaɗa da yawa lokaci guda, amai za shi yi.

3. Ku yi tahiya da sassahe da marece. Ku ɗora bayan hannu bisa rairayi; in ba ku iya jurewa, ƙahwar kare ma ba ta iyawa. Cikin amalanke ko kamiyo a yi mishi inuwa, kuma kada a ruhe shi cikin mota da rana.

4. Ba kowane ruwa ba. Masu zuwa lasar gishiri Ingal da Tagidda, ruwan gishiri da kanwa yana yi ma shanu da raƙuma amfani, amma kare zawo yake sa shi, ƙishirwa ta ƙaru. Ku kiyaye ruwan tabki da ya yi kore shar, da bidon da anka taɓa zuba maganin ƙwari, ko an wanke shi.

Ƙaƙa za ku gane ruwa ya ƙare mishi? Ku ɗaga hwatar bayan wuyanshi ku saki; in ta daɗe ba ta kwanta ba, da matsala. Idanu sun faɗa, hitsari kaɗan kuma ja, yana barin garke yana neman gindin icce.

In ya kai ga tangaɗi ko ya faɗi, zahi ya buge shi, kuma yana iya mutuwa nan take. Ku kai shi inuwa, ku kwara mishi ruwa a ciki, wuya da ƙahwahu, kuna hihita. In yana iya lasa, ku aje ruwa gabanshi, amma kada a yi mishi ɗura, sai shi shaƙe. Ku nemi ma'aikacin sarwishin kiwo mahi kusa.

Hattara kuma: karen da yawu ke zuba, ya kasa haɗiya, halinshi ya sake, ko muryarshi, wataƙila ciwon hauka ne. Kada kowa shi sa hannu bakinshi. Wanda ya ciza shi wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, shi tahi likita ranar nan. Ku riƙa kawo karnukanku allurar rigakahi.

Malamai suna ba mu labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ma kare ruwa cikin takalminshi, Allah ya gahwarta mishi. Kahin ku ɗaure kaya gobe, ku ƙara litir 3 cikin salka, ku rataya kaskon kare.

Allah shi kai mu damana lahiya, shi ba garke albarka. Wassalamu.