SUTURAR YARA DA LAFIYARSU: JAWABI GA 'YAN UWA NA NGURU DA GASHUWA



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, 'yan uwa da suka taso daga Gashuwa da mu na nan Nguru, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

An ce in yi magana a kan abin da ya fi damun magidanta. To, jama'a, ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, yadi da kayan yara nake sayarwa. Amma mai shago kunne gare shi. In abokai suka haɗu a majalisa bayan la'asar, ko mata suka haɗu a gidan suna, hirar ba ta wuce abu uku: tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023, ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da garuruwan bakin kogi, sai kuma yara, wannan nasa na tari, wancan tasa ta kwana da zazzaɓi. A yi jaje, a ce Allah Ya sawwaƙe, a watse.

Wannan hira kada mu raina ta. Galibinmu iyaye ko kakanni ne suka biyo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Nguru daga Kano a 1930, wasu don gyaɗa, wasu fatu da ƙiraga, wasu ƙaro da kifi, wasu kuma suka zarce Gashuwa. Mun zauna lafiya da Mangawa da Badawa, alhamdu lillahi. Sai dai har gobe akan ɗauko amarya daga Kano ko Haɗeja ko Gumel, ta haihu a nan, uwa na nesa, kaka na nesa. Wa zai gaya mata yadda za ta yi da jariri? Maƙwabciya ce da ƙawa. Shi ma angon, abokinsa na majalisa shi ne wansa. Ke nan a wurinmu aboki ya tsaya a matsayin dangi, don haka wajibi ne abin da muke gaya wa juna ya zama daidai, kuma ya kai ga aiki.

Maganar ƙoda masana na bincike a kanta a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Namu a ciki shi ne awon hawan jini da na sukari, da barin haɗiyar maganin ciwon jiki na 'yan talla barkatai. Amma suturar yara a hannunmu take ɗungurungum, ba sai mun jira gwamnati ba. A kanta zan tsaya.

Abin da nake gani a kasuwa shi ne, magidanci zai ci bashi ya ɗinka wa yaro ɗan shekara 3 shadda da aiki saboda Sallah, wadda sau biyu zai sa ta yi masa kaɗan, amma hunturu ya shigo yaron ba shi da rigar sanyi ko ɗaya. Kuɗin aikin wuyan nan kaɗai ya isa suwaita da hula da safa. Ba na ce kada a yi wa yara kwalliya ba, ai daga ciki nake ci. Cewa na yi a fara da abin da zai kare jiki, sannan a zo ga na burge maƙwabta.

Mu ɗauki hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kun san yadda garuruwan nan namu suke: da asuba haƙori na kaɗawa, da azahar rana ta buɗe. Saboda haka riguna biyu marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri, domin da hantsi sai a cire ta sama. In aka bar yaro cikin bargo da suwaita har rana ta take, zai jiƙe da gumi, iska ta buge shi, an gudu ba a tsira ba. Ta ciki ta zama auduga. Jariri kuwa a sa masa hula, domin kansa babba ne a kan jikinsa, zafin jiki na saurin fita ta nan. Wanka a bari sai hantsi, a shafe shi da man kaɗanya saboda kaushi da faso.

Ga wani abu da ya kamata iyaye mata su riƙe. Yadin leda, wato mai roba a ciki, in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Yara kuma kun san su da zagaye murhu da safe. In kina shakkar yadi, zare ɗaya za ki ciro daga gefe ki kusanta shi da ashana: auduga za ta yi warin takarda ta zama toka, leda kuwa za ta dunƙule ta yi tauri. In tsautsayi ya faru yaro ya ƙone, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta na kamar minti 20, a nufi asibiti. Kada a fasa ƙwai, kada a shafa man goge baki ko manja. Bugu da ƙari, kaskon gawayi ba ya kwana a rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mutane su kwanta su kasa tashi.

Sannan mu daina cewa kowane tari "sanyi ne ya kama shi". Ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya, ƙwayoyin cuta ke kawo shi, ƙura da hayaƙi da cunkoso su buɗe masa ƙofa, kuma yana cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Akwai awon da kowa zai iya yi da agogon wayarsa. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In bai kai wata 2 ba aka sami 60 ko fiye, ko daga wata 2 zuwa shekara 1 aka sami 50, ko daga shekara 1 zuwa 5 aka sami 40, to numfashin ya yi sauri. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ba zancen jiƙo ko kemis. Asibiti ne a ranar. Muna da Asibitin Tarayya a nan Nguru, akwai babban asibiti a Gashuwa, ga ƙananan asibitocin unguwa.

In bazara ta zo, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya wuce digiri 40, sai lissafi ya juya. Riga 'yar shara ta auduga, mai faɗi, ita ce daidai. Leda a wannan lokaci ita ke kawo ƙurajen zafi. Kuma lokacin sanƙarau ke nan. Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe dubban mutane a Arewa. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara yin sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Katin rigakafi shi ma sutura ne, 'yan uwa: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai wata 15 a ƙara ta ƙyanda. Kyauta ake yi. Maigida, ka san inda katin ɗanka yake?

Da damina kuwa, ruwa ya kewaye mu, ga fadama ga kacala, sauro ya sami gida. Da magariba a sa wa yara mai dogon hannu da dogon wando, a kwana cikin gidan sauro. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata suka ƙwanƙwasa, a fito da 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a kuma cika kwana ukun da suka ce.

Wani zai ce, Alhaji, duk wannan da kuɗi ne. Gaskiya ne, amma ba kamar yadda ake zato ba. Gwanjo ba abin kunya ba ne. Dilar da ake ɗaukowa daga Ƙofar Wambai a Kano akan sami suwaita a ciki wadda ta fi sabuwa ƙarko. A dai wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge kafin yaro ya sa. A sayi mai ɗan girma ta yi shekara biyu. Kuma a saya tun Oktoba, domin da zarar iska ta kaɗo farashi ya tashi. Wannan sirrin kasuwa ne na ba ku kyauta.

Daga ƙarshe ga roƙona ga shugabanni. A kowane gida cikinmu akwai kayan da yara suka girme su, suna jibge a ƙasan akwati. Kowace majalisa ta maza, da kowane adashi na mata, su wakilta mutum ɗaya ya tattara su kafin hunturu, a wanke, a raba a asirce ga gidajen da muka san ana cikin wani hali, da marayu, da almajiran da ke kwana a zaurukanmu. Kada a tsaya ga Bahaushe kaɗai, maƙwabci maƙwabci ne. Kuma in aboki ya ce maka ɗansa na numfashi da ƙyar, bayan addu'a ka tayar da babur ka ce masa mu je. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da mutanen Gashuwa gida lafiya.