Kwamfutar da ke Nesa da Wutar da ke Riƙe da Ita: Darasi daga Hatta



Abin da zan kare a gabanku yau shi ne, ɗalibin ƙididdiga a Kano ko Zariya ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada a jakarsa kamar yadda yake buƙatar ƙofar shiga wata babbar kwamfuta, wato sabar, wadda wuta ba ta ɗaukewa a kanta. Kundin Jupyter, wanda ya samo asali daga IPython da Fernando Pérez ya fara a 2001, ya kuma tsaya da ƙafarsa a 2014, ya raba aikin gida biyu. Shafin da ɗalibi ke rubuta umarni na Python yana cikin burauzarsa, amma lissafin can a sabar ake yin sa, sai sakamako ya dawo masa, jadawali ko zane, a ƙarƙashin layin da ya rubuta. Tsohuwar laftof mai lalataccen batir ta isa. Da wannan tsari, ta hanyar JupyterHub, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley take koyar da ɗimbin ɗalibai darasin nan na Data 8.

To, idan nauyin ya koma kan sabar, me ke riƙe da ita? Wuta. Nan ne Hatta, garin da ke tsakiyar duwatsun Hajar a masarautar Dubai, yake da abin koya mana. Hukumar wuta da ruwa ta Dubai, DEWA, ta gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 250 a madatsar ruwan garin. Idan rana ta take, ana amfani da wutar gandun sola na Mohammed bin Rashid Al Maktoum a tura ruwa zuwa tafkin da ke saman dutse. Idan buƙata ta taso, sai a sako shi ta ramin ƙarƙashin ƙasa ya juya injina. A wancan gandun solar ne kuma Moro Hub, kamfanin da ke ƙarƙashin DEWA, ya kafa cibiyar adana bayanai mai aiki da hasken rana. Dubai ta fahimci cewa ajiyar wuta da ajiyar bayanai tafiyarsu ɗaya.

Wani zai ce intanet ɗinmu yawan yankewa take yi. Gaskiya ne, sai dai yankewar ba ta kashe lissafin da ke gudana a sabar. Muddin ɗalibi ya umarci shirinsa ya adana sakamako a fayil, zai dawo ya tarar da aikinsa, abin da ba zai samu ba idan laftof ɗinsa ce ta mutu tsakiyar aiki. Wani kuma zai ce ai ga Google Colab, mai ba da irin wannan kundi kyauta. Yana da amfani ƙwarai ga mai koyo, amma yana katse zama idan an bar shi ba aiki, kuma mai shi ne ke yanke abin da zai ba ka gobe. Kayan aro ba ya rufe katara. Ga kuma haɗarin ɗora bayanan marasa lafiya ko na manoma a sabar aro, bayanan da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara su alhakin tsarewa.

Suka mafi nauyi ita ce ta tsaro, domin duk wanda ya shiga kundin Jupyter yana iya ba sabar umarnin da ya ga dama, kuma ɓarayin intanet suna farautar waɗanda aka bari a buɗe don haƙar kuɗin kirifto. Maganin sananne ne: kalmar sirri, shiga ta hanyar SSH, asusu daban ga kowane ɗalibi, da ma'aikaci mai albashi da ke kula da na'urar kullum.

Ba mu da kuɗin Dubai, kuma ba sai mun fasa dutse ba. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo za su iya haɗa hannu a kan sabar guda, su fara sa kuɗi a sola da batir da albashin mai kula kafin su sayi ita kanta sabar, sannan su buɗe wa kowane ɗalibi asusu tun shekararsa ta farko. Wannan shawara nake roƙon shugabannin jami'o'inmu su ɗauka da gaske.